Za ka iya zama?

Kwana uku ƙanena ya yi yana hardace amsoshi da faransanci, domin wata ƙungiyar agaji ta kira shi ganawar ɗaukar aiki a Dirku. Tambayoyin da kowa ya sani ya shirya wa: gabatar da kanka, ina ƙarfinka, ina rauninka, albashi nawa kake so. Ni ke tambaya, shi kuwa yana zubo amsa kamar ɗan lakwal gaban mushe.

Sai na ce masa: "To, za ka iya zama?"

Ya yi shiru, sa'annan ya ce: "Yaya, wannan ba ta cikin takarda."

Alhali kuwa ita ce uwar tambayoyin. Duk wanda ya ƙetare Tenere daga Agadas, sama da kilomita 600 cikin rairayi, ya san abin da mai ɗaukar aiki ke tsoro a Kawar: matashin da zai karɓi aiki yau, bayan wata shida ya shiga kamun ƙafa a mai da shi Yamai. Difloma ba ta kawar da wannan tsoro. Abin da ke kawar da shi shi ne sanin wurin: gaisuwa da barbarci da tubanci, lokacin dabino, hanyar Bilma da ta Libiya, da yadda kasuwa ta yi sanyi sakamakon dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a 2023.

Na gargaɗe shi kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Ranar ganawa, da aka jefo masa tambayar, cewa ya yi: "Shekara biyu na ɗauka, ta uku sai na ga yadda mahaifiyata take."

Yanzu watansa takwas a can.