Nguru ko Dagona? Tambayar da ban yi ba

Mai karatu, a hutun hunturun bara gardama ta kaure a gidana a nan Potiskum. Maigida na son mu shiga kwalekwale a tafkin Nguru, yara kuwa suka kafe sai Dagona ta ƙasar Bade, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin sanyi. Muka auna nisa da kuɗin mai, yara suka yi rinjaye.

A hanyar dawowa muka tsaya gefen wata fadama, autana ya shiga ruwa iya gwiwa. Ni da na karanta ilimin magunguna, hoto na tsaya ɗauka. Bayan kusan wata uku ya fara fitsari da jini. Gwaji ya nuna tsargiya ce. Tsutsarta na fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata. Aka auna nauyinsa, aka ba shi praziquantel, ya warke, alhamdu lillahi.

Bana Nguru muka nufa. Amma kafin ka zaɓi naka wurin, tambayi abu biyu: akwai rigar kariya ga kowane yaro a kwalekwalen? Wa zai hana su tsoma ƙafa a ruwa?