Duwatsun Murhu Uku

Ni haifaffen Wanke ne, garin nan da ke kan hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau. A daminar 1972, ina da shekara goma sha biyu, zazzaɓi ya kama ƙanena Ɗanjuma ran Talata. Iya ta dafa ganyen darbejiya ta yi masa surace. Ran Alhamis da dare sai jikinsa ya fara jijjiga, idanu suka kakkafe. Babu mota a garin a daren nan, babu kuwa hanyar kiran wani. Da asuba Baba ya goya shi da zanen Iya, ya hau keke, ya kama hanyar Gusau cikin taɓo. Da hantsi muka hango shi yana dawowa a ƙasa, yana tura keken. Tun daga nesa Iya ta gane.

Bayan shekara hamsin da ɗaya, a daminar 2023, ciwon nan ya sāke shigowa gidana. Wajen ƙarfe goma na dare surukata ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ta ce, "Baba, jikin Ladi ya yi zafi ƙwarai, ko nono ta ƙi kamawa." Gabana ya faɗi, gama na tuna da Ɗanjuma. Na ɗauki wayar hannu na kira wani ɗan kabu-kabu maƙwabcinmu, ya kai su wurin ma'aikacin lafiya. Aka soki yatsar yarinyar, aka ɗiga jini a kan wani ɗan abin gwaji mai tsawon yatsa. Kafin minti ashirin layi biyu suka fito, alamar zazzaɓin cizon sauro ke nan. Aka fara ba ta magani a daren. Ubanta yana Kano, amma kafin gari ya waye ya aiko da kuɗi ta waya. Ran na huɗu Ladi tana rarrafe a tsakar gida. Mun gode wa Allah.

Na daɗe ina tunani a kan daren nan biyu. Abin da ya raba su abu uku ne: magani, da abin hawa, da waya. Kamar duwatsun murhu suke, in ka cire ɗaya tukunya ta kife.

Mu fara da magani. A zamaninmu kulorokwin muka sani, amma a hankali ƙwayar cutar ta saba da shi, har Nijeriya ta sauya magani a 2005. Sabon maganin ya samo asali daga wani tsiro dangin tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace sinadarinsa a 1972, shekarar da muka binne Ɗanjuma, aka kuwa ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Yanzu har allurar rigakafin zazzaɓin ta samu. An fara yi wa yara ita a Jihar Kebbi da Jihar Bayelsa a watan Disamba na 2024.

Sa'an nan abin hawa. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Kaura Namoda tun 1929, amma gyaɗa da auduga ya fi sani, ba ya zuwa ƙofar mai ciwo. Babur da keke mai ƙafa uku su ne suka shiga lungu. Yanzu kuma ana ƙera waɗansu masu tafiya da batir, a cika batirin da hasken rana. Tun da man fetur ya yi tsada a 2023, wannan ya zama labarin da talaka zai kasa wa kunne.

Na uku ita ce waya. Wayar hannu ta shigo ƙasarmu a 2001. Jikokina suka fahimtar da ni cewa ita ma kwamfuta ce ƙarama, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Irinta ta farko a Amurka a 1945 ɗaki guda ta cika, ga shi yau tana aljihun manomi, tana kai magana, tana kai kuɗi.

Mu mutanen Zamfara mun ga abin da ke faruwa in dutse ɗaya ya fita. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira. Magani yana nan, babura suna nan, amma in ciwo ya tashi da dare sai ka tashi yaro ya bi gida gida. A kwanakin nan na ji kamar na koma 1972.

Duk da haka, ya ku masu karatu, duwatsu ba su hura wa kansu wuta. Da surukata ta ce bari mu ga safiya, da duk hikimar masanan nan ba ta amfane mu ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan kayar da ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka in jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gwaji a ranar. In an ba da maganin kwana uku, a cika kwana ukun, ko da ya tashi yana wasa. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin da ake rarraba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina. Maigida kuma ya ajiye lambar mai abin hawa guda biyu, kada ya kwanta da waya babu caji. Tun ran gini ran zane.

Keken Baba yana nan jingine a bayan rumbu, ya yi tsatsa. Ladi takan je ta kaɗa ƙararrawarsa. In ta yi wayo zan gaya mata labarin Ɗanjuma.