Wasiƙa daga Delft zuwa ga Kawu

Delft, ƙasar Holan
Watan Janairu

Zuwa ga Kawu,

Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma ina nan lafiya, alhamdu lillahi, sai kewar gida, wadda ta fi matsa mini da magariba.

Auta ya isar mini da saƙonku, ya kuma ba ni labarin maganganun da ke yawo a unguwa. Ba a Landan nake ba, ƙafata ba ta ma taɓa taka Ingila ba. Delft ƙaramin gari ne tsakanin Rotterdam da Hague. Ba albashi ake biya na ba, tallafin karatu ne, kuma an auna shi daidai da bakin mutum ɗaya. Masu cewa na keta hazo don in koyi aikin birkila kuwa, da sun san darajar birkila da ba su faɗe shi da raini ba. A hannun magini na tashi, kuma abin da na gani a wajen aikinku shi ke ɗauke da ni a nan.

Digiri na biyu nake yi, na shekara 2, a Jami'ar Fasaha ta Delft, wadda asalinta ya faro tun 1842. Karatun ya kasu gida 5: zanen gine-gine, tsara birane, tsara filaye da lambuna, tafiyar da ayyukan gini, sai fasahar gini, inda nake. Mu namu shi ne bango da taga da rufi, da abin da ke ɗauke da nauyin gini, da yadda zafi da iska da haske ke shiga ɗaki su fita. Ginin tsangayarmu na da ya ƙone ƙurmus a watan Mayu na 2008, sai suka koma wani tsohon gini na jan bulo, suka rufe tsakar gidansa da gilashi, suka mai da shi zauren aiki. Da za ku leƙa, Kawu, da kun ce shagon kafintoci ne. Dogayen tebura, ƙurar katako, warin gam, ga injin da ke yanka kwali da haske, ga wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Auta ba tana ɗora wa ɗan ƙaramin rufin da ta haɗa nauyi kaɗan-kaɗan, tana rubutawa, har sai ya karye. Karyewar take jira, don ta san iyakarsa.

Abin da ya fi kama ni a karatun nan shi ne ba a karɓar magana sai da awo. Ran da na gabatar da aikina a kan ajin makarantar firamare a Zariya, na ce ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi. Malamar ba ta musa ba. Tambaya ta yi: da digiri nawa ya fi shi, a wane wata, da ƙarfe nawa na rana, kuma yara nawa ne a ciki? Daga nan aikin ya soma. Ana gina ɗakin a cikin kwamfuta, a ba shi yanayin garin awa-awa, awa 8,760 na shekara guda, a sauya kaurin bango, a ɗaga rufi, a matsar da taga, a ga abin da kowane sauyi ya haifar. Lissafin ya nuna abin da kuka daɗe da sani: bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai dare ya yi, kwano marar silin kuwa nan take yake juye wa mutum zafin a ka. Ya kuma nuna inda ginin ƙasa ke da rauni, wato daren bazara gab da damina, lokacin da gari ba ya hucewa. A nan sai an buɗe wa iska hanya ta sama.

Na nuna musu hotunan masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, suka yi ta tambayar yadda azara ke riƙe bakan gizo. Kada ku ɗauka yabon baƙo ne kawai. Siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon da ke ɗumama duniya, shi ya sa hankalinsu ya koma kan ƙasa da itace. Francis Kéré, mutumin Burkina Faso da ya fara suna da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, shi ya ci babbar lambar masu zanen gini ta Pritzker a 2022. A Dandaji ta Nijar, garin Hausawa, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Ƙasar Holan kuma ta sa wa kanta 2050 a matsayin shekarar da za ta daina zubar da kayan aiki, har ana yi wa sabon gini rajistar kowace ƙofa da kowane ƙarfe don a kwance a sake amfani da su. Ku da kuke zare azarar tsohon soro ku ɗora a sabo, ba baƙon abu ba ne a wajenku. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu a gida muna rushe soro muna murna mun waye.

Sai maganar ruwa. Kusan kashi 26 cikin 100 na ƙasar nan yana ƙasa da matakin teku. A 1953 teku ya ɓalle cikin dare ya ci mutum 1,836, kuma tun daga lokacin ba su ƙara yi masa sakaci ba. Na je na ga ƙofar ruwa ta Maeslant da aka gama a 1997, gambu biyu na ƙarfe, kowanne tsawon mita 210, kwamfuta ke rufe su da kanta in ta hango teku zai tashi. Amma ba ƙarfen ne ya fi burge ni ba. Suna da hukumomin ruwa 21, jama'a ke zaɓen wakilansu, suna karɓar harajinsu na kansu, aikinsu kullum shi ne duba madatsa da yashe magudana da gyara famfo. Ina tsaye a wurin Maiduguri ta faɗo mini a rai, yadda madatsar Alau ta fashe a Satumban 2024. Mu ma muna da injiniyoyi. Kula da abu bayan an gina shi, nan muke faɗuwa.

Ƙasar tasu taɓo ce, don haka harsashin gini sanduna ne da ake kafawa har su tarar da yashi. Fadar da ke tsakiyar Amsterdam a kan itace 13,659 take zaune, kuma itacen ba ya ruɓewa muddin yana cikin ruwa. Hasumiyar tsohon cocin Delft ta karkace da kusan mita 2 tun ana cikin gininta, ga ta nan tsaye sama da shekara 600.

Sanyin nan ba irin na hunturu ba ne. Jiƙaƙƙe ne, da iska da yayyafi. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 9 saura, 4 da rabi ta faɗi, sai ka ga azahar da la'asar da magariba sun taru cikin awa 4. Akwai masallatan Turkawa da na mutanen Maroko, nama kuma a shagunansu nake saya.

Zaman tsofaffi ne har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba. Maƙwabciyata ta haura 80, ita kaɗai ce a gida. A keke take zuwa cefane, in na miƙa hannu zan karɓar mata jaka sai ta yi godiya ta riƙe abinta. 'Ya'yanta na zuwa, amma sai an sa rana a kalanda. Gwamnati na biyan kowane tsoho fansho daga shekara 67, an daidaita masa hanya, an sa masa mariƙin hannu a banɗaki, kuma duk ana koya mana wannan a aji. Na yaba ƙwarai, domin mu ba ma tuna gwiwar tsoho in muna zuba matakala. Sai dai a duk gidajen nan ban ga wurin da aka keɓe don tsoho ya zauna a zo a gaishe shi ba. Zaurenmu ya fi su a nan. Haka a makaranta, ɗalibi na kiran farfesa da sunansa tsirara, ya ce masa bai yarda ba a gaban kowa. Bakina ya kasa kiran sunan. Amma na ga amfanin musun: kuskuren da aka kama a aji ba zai kai ga faɗo wa mutane a ka ba.

Yanzu maganar Auta, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ya ce kuna shawarar sayar da filinku na bakin hanya don a turo shi. Kawu, don Allah kada ku sayar. Abin da ɗan ƙasashen Tarayyar Turai ke biya bai kai Yuro 3,000 a shekara ba, amma mu kuɗin makarantarmu ya haura Yuro 20,000 a shekara, kuma kafin a ba da takardar zama sai an tabbatar akwai sama da Yuro 1,000 na kowane wata don ci da haya. Ku lissafa shekara 2 da canjin yau. Kuɗin filin zai ƙare karatu bai kai rabi ba, a rasa fili a rasa digiri.

Kada kuma wani ya ce masa zai yi aiki ya biya. Doka ta ba ɗalibi irinmu awa 16 a mako, ko cikakken aiki a watannin Yuni da Yuli da Agusta, kuma sai mai ɗaukar aikin ya nemo masa izini. Wanda bai ci rabin darussan shekara ba yana iya rasa takardar zamansa. Ɗaki shi ne babbar wahala, har jami'o'in ƙasar da kansu ke gaya wa baƙi kada su taso in ba su sami makwanci ba. Akwai 'yan damfara a intanet masu nuna hoton ɗaki su ce a tura kuɗin kafin alƙalami. Kada ya tura wa kowa ko sisi a kan ɗakin da ba a gani ba. Mutanen nan ba su da kara a harkar kuɗi. Abokin karatunka zai saya maka shayi, ka iso gida ka tarar ya aiko maka da saƙon Tikkie a waya ka biya shi. Ba rowa suke ɗaukar abin ba, kuma ba ka jin rigimar bashi a tsakaninsu, amma wanda aljihunsa ya bushe a nan ba shi da gidan da zai shiga a zuba masa tuwo.

Ga hanyar da nake gani. In ya gama hidimar ƙasa, ya bi ku wajen aiki shekara guda, ya riƙe tef da cokalin gini, ya ɗauki hoton kowane mataki daga haƙa harsashi zuwa rufi. Ya haɗa kundin ayyukansa, kaɗan masu kyau, kowanne da bayanin matsalar da ya warware. Hoton katafaren gida mai ƙyalli ba ya ruɗar su. Ya koyi manhajojin kwamfuta na Rhino da Grasshopper da ɗan Python, ya koma wa lissafin nauyi da na zafi da aka yi musu a ABU. Ya zauna jarrabawar Turanci da wuri, ya karɓi takardun sakamakonsa tun kafin lokaci ya ƙure. Ana fara karatu a Satumba, amma neman tallafi irin na Justus da Louise van Effen, wanda ke ɗauke kuɗin makaranta da na zama, tun farkon Disamban shekarar da ta gabata ake rufe shi. Masu nema da yawa, guraben kaɗan, don haka ya nemi wasu ƙasashen ma lokaci guda. In bai samu bana ba, ya sake nema baɗi. In Allah ya kawo shi, ya taho da kuka da daddawa da yaji, ban da kilishi, domin ba a shigo da nama Turai a jaka. Ya kuma iya keke sosai, shi ne ƙafar kowa a nan.

Ina da roƙo. Aikina na kammalawa a kan ginin ƙasa ne, kuma abin da nake bukata yana wajenku. Zan aiko da 'yan na'urorin auna zafi ta hannun wani mai dawowa gida. Auta ya rataye ɗaya a zaure, ɗaya a ɗakin bulo na baya, ɗaya a inuwa a waje, a bar su daga Maris har ruwa ya sauka. Ya auna mini kaurin bangon zaure daga gindi da kuma daga sama. Ku kuma, in kun sami sarari, ku yi mini bayani da bakinku ya naɗa a waya: yadda ake jiƙa makuba, da gwargwadon katsi da gashin jima da dafara a haɗin laso, da kwana nawa tubali ke sha a rana kafin a ɗora shi. Da sunanku zan rubuta shi a kundin, domin iliminku ne.

Ana ba wanda ya gama karatu izinin shekara guda ya nemi aiki a nan. Niyyata in yi ta don in ga yadda suke tafiyar da babban aiki, sannan in dawo, in Allah ya yarda. Ku gaishe mini da Inna, ku ce mata rigar sanyin tana amfani. A gaida Gwaggo da yara da dukan ma'aikatanku. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, kuma ina ƙara roƙonku, a bar filin nan.

Wassalam,
Ɗanku