Laifin da Na Ɗora wa Magajin Keffi

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Awe. Duk shekarar da muka iso kan zuwan Turawa, magana ɗaya nake rubutawa a allo yara su kwafa: Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ne saboda Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Moloney, Sarkin Kano Alu ya ba shi mafaka, Sarkin Musulmi kuma ya aiko da takardar yaƙi. Haka aka koya mini, haka na ɗura wa 'ya'yan mutane. Na sa shi a jarrabawa, wanda ya haddace na ba shi maki, wanda ya kauce na hana shi. Kuskure ne, kuma nawa ne, don babu wanda ya riƙe mini hannu ya hana ni bincike.

Abin bai tsaya a takarda ba. Akwai wani yaro ɗan Keffi da aikin mahaifinsa ya kawo su Awe. Tun ranar darasin 'yan ajinsu suka laƙaba masa jikan Magaji, wai su suka jawo mana Nasara. Na ji da kunnena, na ɗauka wasan yara ne, ban tsawatar ba. Yaron da ke zama a gaba ya koma ƙurya, ya daina ɗaga hannu. Kafin in gane ɓarnar da na yi an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki, ban sami damar ba shi haƙuri ba.

Wata ɗaliba ce ta farkar da ni, 'yar wata mai dafa gishiri. Ta ce, "Malam, to Yola fa? Ka ce a 1901 aka ci ta. Su wa suka kashe?" Ban da amsa, sai na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Da dare na jera shekarun a takarda, abin da ya kamata in yi tun farko. Bida da Kontagora da Yola duk a 1901 aka ci su, Bauchi a farkon 1902. Moloney kuwa sai a watan Oktoba na 1902 aka kashe shi. Tun ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ya ce Arewa duka tana ƙarƙashin Ingila, kuma tun 1898 Ingila da Faransa suka shata iyaka a tsakaninsu, Kano da Sakkwato suka faɗa rabon Ingila ba tare da an tambaye su ba. Takardar yaƙin ma da ake jingina wa Sarkin Musulmi Abdurrahman, fassararta ta Turanci ce a hannun mutane, kuma wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Muffett, ya yi shakkar ingancinta a littafinsa na 1964, ko da yake wasu masana sun yarda da ita. Ko ma shi ya rubuta, ya rasu a Oktoba 1902. Wanda aka yaƙa a Maris 1903 Attahiru ne.

Ban gane girman dabarar fakewa da ramuwa ba sai da na koma kan wani darasin da shi ma na koyar a karkace, wato na Iskandari sarkin Makidoniya. Ina kawo shi a matsayin jarumin da ya rama wa Girkawa zaluncin Farisa, har ina barin yara su gauraya shi da Zulƙarnaini, alhali malamai irin su Ibn Kasir sun raba su. Da ya tsallaka Asiya a shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dalilin da aka shelanta shi ne ramuwar ƙone wuraren bautar Atina da Farisawa suka yi a 480, kusan shekara 150 da suka wuce. Ƙonewar gaskiya ce. Amma mai ramuwar nan shi ne ya rushe Tibis, birnin Girkawa, shekara guda kafin ya tashi, ya sayar da mutanenta bayi, tsoffin marubuta suka ce kimanin 30,000. A 330 ya ƙone fadar Fasifolis, ya sallami dakarun ƙawancen Girka, alamar ramuwa ta ƙare. Bai juyo gida ba, sai da ya dangana da Indiya.

Ya kuma tafi da marubucinsa, Kalistenis, ɗan'uwan malaminsa Aristotal, wanda aikinsa shi ne tsara labarin da za a ji a gida. Shi ya rubuta cewa teku ta rusuna wa Iskandari a gaɓar Famfiliya, kuma hankaki sun nuna masa hanya a hamada zuwa Siwa, inda aka gaishe shi a matsayin ɗan abin bautar Masarawa Amun. Ranar da marubucin nan ya ƙi yarda a riƙa faɗuwa ƙasa gaban sarki irin na Farisawa, tauraruwarsa ta dushe. A 327 aka haɗa shi da wata maƙarƙashiya, ya mutu a hannun sarkin da ya yi wa hidima.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne kan Dariyus, sarkin Farisa. Da mutanensa suka kashe shi, Iskandari ya sa aka binne shi da darajar sarauta, ya bi Besus da ya ci amanarsa ya hukunta shi. Nan take mahari ya zama magaji. Haka ma a Sakkwato, cikin Maris 1903, Lugga ya tara manya ya ce Fulani da yaƙi suka sami mulki a zamanin Shehu, yanzu da yaƙi ya koma hannun Turawa, kuma su za su riƙa naɗa sarakuna. Aka naɗa Attahiru na biyu alhali na farko yana raye, sai a watan Yuli aka kashe shi a Burmi, shi da Magajin Keffi da ɗimbin jama'a.

Bayan Iskandari ya mutu a Babila a 323, kwamandojinsa suka yi ta rububin sunansa. Tolemi ya tare gawarsa a hanya ya kai Masar, daga baya aka ajiye ta a Iskandariyya. Aka riƙa buga kuɗi da hotonsa, har da masu ƙahon rago na Amun, ɗansa na cikinsa kuwa da uwar yaron, Roksana, Kasanda mai mulkin Makidoniya ya sa aka kashe su. Tolemin nan, da ya zama sarkin Masar, ya rubuta tarihin yaƙin, kuma bayan fiye da shekara 400 marubucin tarihi Ariyan ya dogara da shi, yana ganin ƙarya ta fi zama abin kunya ga sarki. Na daɗe ina mamakin Ariyan kafin in lura ni ma haka na yi. Rahotannin da Lugga ya aika Landan don kare kansa su suka zama littafin makaranta, ni kuma na gaskata su don an buga su da injin ɗab'i.

Saura kaɗan in sake wani kuskuren. Cikin zafin gano gaskiya na fara mayar da Magaji waliyyi. Mahaifiyar ɗalibar nan ce ta taka mini birki, ranar da na je gaishe ta a wurin aikinta da rani. Tana zuba ruwa a kan ƙasar gishiri yana tsiyaya, ga wuta na ci a ƙarƙashin wanda aka riga aka tace, ta ce, "Malam, kakata ta sha ba mu labarin yadda suke kwana a daji don gudun masu kamen bayi. Kada ka share wannan." Ta yi gaskiya. Harin bayi ya addabi ƙasashen nan na kusa da Binuwai, kuma Lugga bai ƙirƙire shi ba, ya dai same shi ya hau kai. Dokarsa ta 1901 ta hana ciniki da kame, ta 'yanta yaran da za a haifa, amma ta bar bayi da yawa a gidajen iyayen gijinsu don kada sarakunan da yake mulki ta hannunsu su juya masa baya. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Na tsaya a gaban aji na ce abin da na koya musu ba daidai ba ne, na kuma nemi afuwar ɗalibar da na zaunar. Wani yaro ya ce, "Malam, to wanne za mu rubuta?" Na ce su rubuta dalilin da Lugga ya bayar, su ce shi ya bayar, sannan su jera shekarun a ƙarƙashi.

Aiki mai wuya shi ne na gida. Tarihin kafuwar garuruwanmu, Awe da Keana da Lafiya, da yawansa a fada Turawan mulki suka ji shi suka rubuta, kuma wanda ke kan gado a lokacin shi ya zaɓi mai ba da labari. Ba na cewa ƙarya ne, kuma ina girmama iyayen ƙasa. A bana dai na tura ɗalibai unguwanni da wuraren dafa gishiri su tambayi tsofaffi, maza da mata, kuma kowane labari suka kawo sai sun rubuta a unguwar da suka ji shi, da kuma abin da ke tsakanin mai faɗarsa da gidan sarauta.