Dutsen tozali a Kasuwar Gamboru

Baƙon da ya fito daga Kano ya shiga Kasuwar Gamboru a Maiduguri, kayan miya da hatsi ne za su fara tare masa ido, sai hirar ambaliyar da ta ci unguwar a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Ni kuwa shimfiɗar wani tsoho ɗan koli ce ta tsayar da ni, inda ya jera dutsen tozali tsakanin madubai da allurai.

Ya ɗora mini guda a tafin hannu. Ɗan mitsitsi ne, amma ga nauyi, yana ƙyalli kamar azurfa, inda ya fashe kuma gefensa ya tashi a miƙe sumul. Na ce, "Baba, daga ina ake haƙo shi?" Ya ce, "Ɗana, daga hannun dillali nake karɓa. In dai ya niƙu lukwi, ai ya yi."

Masana duwatsu galena suke kiransa. Daga jikinsa ake fitar da dalma, kuma ana haƙarsa a Zurak ta ƙaramar hukumar Wase da Enyigba kusa da Abakaliki. Inda ya haɗa jijiya da ma'adinin jan ƙarfe, ruwa da iska suka daɗe suna cinsu, akan dace da wani shuɗin dutse mai wuyar samu, linarait, wanda ya ci sunan garin Linares na Sifaniya. Masu tara duwatsu a Turai da Amurka suna ji da shi sosai. Ya yi kama da wani shuɗin dutsen, azurait, don haka sukan ɗiga musu ruwan asid mai sauƙi: azurait ya yi kumfa, linarait kuwa wurin ya yi fari. Linarait ya fi nauyi, kuma wuƙa na kankare shi ba wahala.

Kuɗinsa yana ga zurfin launi, da girman ƙwayar, da rashin ko ƙwarzane, sai takardar da ke faɗin ramin da ya fito. Wanda aka san daga ramin Blanchard na jihar New Mexico yake, ko na Red Gill a Ingila, ya fi wanda ba a san asalinsa ba daraja nesa ba kusa ba. A ramukanmu kuwa guduma ce ke aiki, a cika buhu a ɗora a sikeli, kuma asalin dutse yakan ɓace tun kafin ya iso hannun ɗan koli.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tara irin waɗannan duwatsun sukan kulle su a akwati, su wanke hannu in sun taɓa, mu kuma muna niƙa galena mu rambaɗa wa jarirai a ido. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. A 2011 an auna kwallin da aka kai wa wani jariri a birnin Boston daga Najeriya, aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce.