Hayaƙin da ke cikin kwandon tumatir

Duk lokacin da aka jera ƙasashen duniya bisa yawan hayaƙin kabon da kowane mutum ɗaya ke fitarwa, Najeriya kan faɗo can ƙasa. Kason ɗan Amurka ɗaya ya kai kimanin tan 14 a shekara, na ɗan Najeriya bai cika tan 1 ba. A fannin abinci ma haka abin yake. Manomin Holan yana ɗumama rumfar gilashi da iskar gas don ya samu tumatir cikin hunturu, manomin Punjab a Indiya yana ɗago ruwa daga ƙasa da lantarkin da akasarinsa daga kwal yake. Mu a Kano rana ta ishe mu ɗumi. To amma kafin mu yi murna da wannan jadawali, ya kamata mu bi kwando ɗaya daga gonakin Kura da Bunkure har zuwa tukunya.

Farkon tafiyar abin alfahari ne. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana tudu, gonakin Kadawa suna gangare. Ruwa na biyo kanal da ƙafarsa har cikin fili, ba fetur, ba lantarki. Matsalar tana farawa ne inda kanal ta cushe da laka da kacalla, ko inda manomin da ke ƙarshen layi ya ga ruwa bai iso ba. Nan yake haƙa rijiya, ya tayar da injin ban ruwa. Kowace lita ta fetur tana sakin kimanin kilo 2.3 na kabon, kuma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 take cin aljihunsa fiye da da. Ke nan yashe kanal aikin kare yanayi ne, ko da ba wanda ya kira shi da wannan suna a taro.

Sai taki. Yuriyar da ake zubawa a nan daga iskar gas ake yin ta, a masana'antun Indorama da ke Eleme da na Dangote da ke Lekki, sannan tirela ta hauro da ita arewa. Bayan girbi, wata motar ta ɗauki kwanduna a Kwanar Gafan ta nufi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ba na'urar sanyaya kaya. Na sha tsayawa a bakin titin Kano zuwa Zariya lokacin da kaya suka yi yawa, ina kallon ruwan tumatir na tsiyaya daga kwandunan ƙasa tun mota ba ta tashi ba. Duk wanda ya ruɓe ya tafi da fetur ɗinsa da takinsa da gumin mai shi.

Anan ne jadawalin yake ruɗar mai karatu. Ƙasar da ba ta da ɗakunan sanyi za ta fito da ƙaramin adadi, domin ba ta ƙona makamashin ajiya, alhali asarar na kan manomi. Haka kuma, idan rani ya wuce muka koma ga tumatirin gwangwani da na leda, wanda yawancin markaɗensa daga Sin ake shigo da shi, hayaƙin sarrafa shi a littafin Sin ake rubutawa, don ƙa'idar lissafin ita ce inda aka ƙona, ba inda aka ci ba. Masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016 don toshe wannan giɓi ta sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen kaya.

Shinkafa ma tana da nata ɓoyayyen kaso. Itacen da ake turara shanshera da shi a Kura ba ya shiga lissafin hayaƙin makamashi, ana kai shi babin dazuzzuka ne. Iskar mitan da ke tashi daga filin shinkafa mai kwance da ruwa kuwa babin noma take.

Saboda haka ma'aunin da ya fi mana amfani shi ne hayaƙin da aka fitar a kan kowane kilo na abincin da ya isa baki. Najeriya ta yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, kuma ba makawa sai ta ƙara amfani da makamashi kafin ta ciyar da jama'arta. Zaɓin da ya rage mana shi ne irin makamashin: ɗakin sanyi mai sola ko mai janareta, ɓuntun shinkafa ko itacen daji a murhun turare, kanal yasasshiya ko dubban injuna a bakin rijiyoyi. A cikin ukun nan, na ƙarshe ne mafi arha, domin tun shekaru 50 da suka wuce aka biya kuɗin gangaren.