Shimfiɗar Cikin Takalmin Ƙwallo

Shimfiɗar cikin takalmi ita ke fara karɓar nauyin ɗan wasa, kuma a guje nauyin nan yakan kai ninki 2 zuwa 3 na jikinsa. Mai shafaffen tafin ƙafa, ƙafarsa kan karkata ciki, gwiwa ta bi ta. Shi ya sa ake ɗan tudunta tsakiyar shimfiɗar, a yi wa diddige gurbi.

A Tudun Wadan Zariya samari da yawa takalman gwanjo suke buga ƙwallo da su, shimfiɗarsu kuwa ta riga ta ɗauki siffar ƙafar wani. Mai gyaran takalmi kan zare ta, ya yanko soso daidai tafin sabon mai shi. Raɗaɗi yakan ragu, amma gyaran karkata sai likitan ƙashi, irin na asibitin Dala a Kano.